Sunan Da Ke Jikin Tawul

A gidan marigayi Alhaji Babba da ke Kankia, kunya ba ta taɓa yankewa ba. Gero kan ƙare kafin kaka, famfo kan yi wata bai ɗiga ba, amma kunya kullum akwai ta har a sam wa maƙwabta. Hajiya Adama, matar marigayin, ita ke riƙe da makullin rumbunta, kuma ba ta taɓa yin rowar rabo ba.

Kaso mafi tsoka na Khairiyya ne, matar ɗanta Rabe, wadda ta haifi 'yarta ta fari wata biyar da suka wuce. Dokar ɗan fari ba sabuwa ba ce a wurinta, don a Kunduru inda ta tashi ma haka ake yi. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta yi masa wasa a gaban surukai. In ya yi kuka ba ta zabura, sai ta gama abin da take yi, sannan ta ɗauke shi kamar wadda aka roƙa ta riƙe wa wata. Khairiyya ta yi shekara uku a kwalejin horon malamai tana karanta yadda ƙwaƙwalwar yaro ke girma, ta dawo gida ta ci gaba da kiran tata yarinyar "'yar nan". Rabe kuwa, malamin firamare a Kafin Soli, ya fi ta ƙwarewa. In aka shigo da jaririyar yana gaban mahaifiyarsa, nan take yakan tuna bai duba man mashin ɗinsa ba.

Ba wai yarinyar ba ta da suna ba ne. Tana da shi, kuma ya fi na kowa a gidan yawo. Ranar suna an buga shi a jikin kofuna, da robobi, da kalanda. Ƙawayen Khairiyya na kwaleji kuma suka haɗu suka yi mata wani farin tawul mai laushi, aka ɗinka masa manyan haruffa da koren zare: AMATULLAH RABE BABBA, KANKIA. ALLAH YA RAYA. Iyayen ne kawai ba su da izinin furtawa.

Ƙurajen sun fara ne da shigowar marka, lokacin da shanya ke kwana uku a igiya ba ta bushe ba. Da farko ɗan ja ne a inda famfas ke kamawa. Kafin mako ya zagayo wurin ya yi jajir, ya fara sheƙi, ƙananan ƙuraje suka yi masa zobe har cikin matsematsi. Duk sanda yarinyar ta yi fitsari sai ta ƙwalla ƙara ta sandare ƙafafu.

Hajiya ta karɓi aikin, kamar yadda ya kamaci kaka. Ta fara da man kaɗanya. Ta koma hoda, ana barbaɗawa har yarinyar ta yi kama da kifin da za a soya. Ta jiƙa bagaruwa aka yi wanki da ruwan. Daga nan aka aika kemis, mai shagon ya ba da wani man shafawa mai haɗi uku, ya ce babu abin da ba ya kashewa. Bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Kwana uku ƙurajen suka ɓace, Hajiya ta yi ta sa wa ilimin zamani albarka. Rana ta huɗu suka dawo, sun taho da 'yan'uwa.

Khairiyya ta san inda asibiti yake. Tafiyar minti goma sha biyar ce a ƙasa. Amma kafin a kai ga minti goma sha biyar ɗin, sai ta buɗe baki a gaban surukarta ta nuna ta damu da 'yar fari, kuma wannan tafiyar ta fi ta Makka nisa. Wata safiya, tana tankaɗe, ta gwada ta gefe.

"Inna, 'yar nan fa kamar abin ƙaruwa yake."

"Wace 'yar?"

"Ta ɗaki."

"Yo ƙurajen famfas ne za a yi wa zaman makoki?" in ji Hajiya. "Tara na goya, da tsumma, ko ɗaya bai ga likita ba kan gindinshi ya yi ja. Ku dai ɗiyan yanzu, yaro ya yi atishawa kun tahi asibiti a rubuta maku takarda."

"Haka ne, Inna."

"Ko so kike gari ya ɗauka matar Rabe na rawar kai kan ɗiyar fari?"

"A'a, Inna."

Hajiya ta kasa kunne ga kukan da ke fitowa daga ɗaki. Ba muguwa ba ce, kukan na cin ta ita ma. Can sai fuskarta ta washe irin ta wanda ya gano hanyar da babu kunya a cikinta.

"Ɗauko wayata. Ki ɗauki hoton wurin in tura ma Jamilatu. Ita ta san kan irin waɗannan."

Gwaggo Jamilatu ƙanwar Hajiya ce, tana aure a Kusada. Ba ta taɓa karatun lafiya ba, amma tana cikin guruf na WhatsApp goma sha ɗaya, wanda a wajen 'yan'uwanta ya fi digiri.

Wani abu ya ɗan soki Khairiyya a zuciya, ta danne shi. Ga dama ta samu ta yi wa 'yarta wani abu ba tare da an ce ta yi ba. Ta nemi abu mafi tsabta a ɗakin ta shimfiɗa, wato farin tawul, ta kwantar da yarinyar, ta matso da wayar dab da ƙurajen.

"Ja baya," in ji Hajiya daga bayanta. "Wa zai gane mi ne ne wannan? Kamar an ɗauki hoton tattasai. Ja baya a ga yarinyar."

Ta ja baya. Idonta na kan ƙurajen, ba ta kalli gefen tawul ba. Hajiya ta kalla, amma ita karatunta na allo ne, haruffan boko a wurinta ado ne irin na bakin zane. Ta danna ta tura, ta bi da muryarta: "Jamilatu, diba mani wannan, amma tsakaninmu."

Gwaggo Jamilatu ta riƙe amana yadda ta fahimce ta. Guruf uku kacal ta sa hoton.

Kafin la'asar wayar Hajiya ta cika da ilimi. Wata ta ce toka da manja. Wata ta ce man goge baki, mai yaji-yajin nan. Wata ta rantse da baƙin mai na inji, ta ce da shi ta yi wa nata biyar. Wata ta yi minti bakwai tana bayanin cewa wannan ba ƙuraje ba ne, baki ne, a binciki maƙwabta. Hajiya ta zauna a kan tabarma tana saurare ɗaya bayan ɗaya tana gyaɗa kai, ta ga jikarta ta samu likita arba'in ba tare da an taka ƙofar gida ba. Aka gwada toka. Allah Ya sa Khairiyya ta ce baƙin man ya zube a hanya.

Bayan kwana goma, da hantsi, Zuhura ta kira. Yayar Khairiyya ce, tana koyarwa a wata Islamiyya a Kunduru, kuma ba ta da al'adar doguwar gaisuwa.

"Ke, kin leƙa Fesbuk?"

"Ina na ga lokaci, Yaya?"

"To nemi wuri ki zauna. Na turo maki abu."

Talla ce. A sama an rubuta: DOKTA MAMUDA MAI MAGANI, KUSADA, GADO DA ILIMI. A ƙasa hoto biyu ne jere. Na hagu an rubuta masa KAFIN, kuma Amatullah ce kwance a kan tawul, babu komai a jikinta, fuskarta ta fito, koren zaren nan kuma ana karanta shi tar har da sunan gari. Na dama an rubuta BAYAN. Wani jaririn Bature ne mai shuɗin ido, yana dariya. Maganin Dokta Mamuda, ga alama, ba ƙuraje kaɗai yake canzawa ba.

Mutum sama da ɗari huɗu sun tofa albarkacin bakinsu. Wasu sun yi addu'a. Wasu sun tambayi farashi. Mata da yawa, waɗanda ba su taɓa ganin Khairiyya ba, sun tabbatar wa duniya cewa uwar yarinyar ƙazama ce. Can ƙasa kuma akwai maganganun wasu maza biyu ko uku waɗanda ta karanta sau ɗaya ta kife wayar a cinya.

"Kin gani?" in ji Zuhura da ta sake kira. "Ba kowa ke kallon hoton yaro da idon tausayi ba, Khairiyya. Akwai masu tara irinsu. Kuma abin da ya hau can ba ya tsufa. Ita za ta girma, shi yana nan yadda yake. Ranar da ta shiga sakandare wani ɗan iska ya rubuta sunanta ya nema, mi kike so ya gani?"

"Ban lura da tawul ɗin ba, Yaya."

"Na sani. Ke da ba ki iya faɗin sunan, ga shi kin rubuta ma duniya."

Da Rabe ya dawo daga makaranta ta bi shi ɗaki ta miƙa masa wayar.

"Hoton wa?"

"'Yar nan."

Ya duba. Ya ce zai kai ƙara. Ya danna wani wuri, ya zaɓi dalili, aka amsa masa da Turanci mai ladabi cewa an gode, za a duba. Ya nuna mata amsar kamar wanda ya ci shari'a.

"Shi ke nan, Malam?"

"To mi kike so in yi? Inna ta tura. In je in tsaya gabanta in ce ta yi kuskure, kuma kan... kan waccan?"

"Asibiti fa?"

Ya kalli rufi. "Ni dai gobe da sassafe zan hita. Abin da ya faru bayan na hita, ban gani ba."

A gidan, wannan shi ake kira izini.

Washegari Hajiya ta tafi barka a maƙwabta, Khairiyya ta goya yarinyar ta fita. A asibitin ta zauna a benci har layi ya zo kanta. Ma'aikaciyar jinyar da ta gan ta, Sista Haulatu, doguwa ce mai tabarau, da alamar ta daɗe da daina mamakin mutane. Ta ja labule, ta wanke hannu, ta kwance famfas ɗin ta duba a hankali.

"Me kuka shafa?"

Khairiyya ta lissafa. Sista ta saurara har ƙarshe.

"Yaji da daddawa kawai suka rage," ta ce. "To ji nan. Wannan ya wuce gogar famfas. Kin ga waɗannan ƙananan da suka zagaye, da yadda ya shiga cikin lanƙwasa? Irin ƙwayar cutar nan ce mai son danshi da ɗumi, 'yar'uwar makero. Man nan mai haɗi uku, akwai abin da ke cikinsa da ke kwantar da ja, ki ɗauka an warke, alhali yana cinye ƙarfin fata yana yi wa cutar shimfiɗa. Ki jefar da shi. Hoda ma ki bari, cuɗewa take da fitsari ta zauna a wurin."

Ta rubuta sunan wani man daban a takarda.

"Wannan za ki shafa kaɗan, safe da yamma, kuma kada ki tsaya ranar da kika ga ya yi kyau, ki cika kwanakin da na rubuta. Wanki da ruwa mai ɗumi kawai, ba sabulu mai ƙamshi. Kada ki goge, ki dinga dannawa da tsumma mai laushi har ya bushe. Da ta jiƙa ki canza, kada ki ce famfas bai cika ba, ba buhun gyaɗa ba ne. Babban maganin kuma kyauta ne: iska. Ki shimfiɗa ta a inuwa ba komai a jikinta, sau biyu sau uku a rana. In kika ga zazzaɓi, ko ruwa na fita, ko mako ya cika babu sauƙi, ki dawo da ita."

Ta jawo kati. "Sunanta?"

Khairiyya ta buɗe baki, wata biyar na horo suka riƙe mata harshe. Sista ta ɗago ta kalle ta ta saman tabarau, ta sake kallon yarinyar, sannan ta sunkuya ta rubuta da kanta.

"Amatullah Rabe Babba. Tun da na kwance famfas na gane ta. Guruf biyu aka turo mini."

Khairiyya ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Ba faɗa nake maki ba," in ji Sista, muryarta ta sauka. "Amma da nan kika kawo ta tun farko, mutum ɗaya zai gani, a bayan labule, kuma ba zai tura wa kowa ba."

Da ta koma gida ta tarar Hajiya ta dawo, tana zaune tana tsince shinkafa, da fuskar wadda ta tanadi magana. Khairiyya ba ta jira maganar ba. Ta durƙusa ta miƙa mata wayar.

Hajiya ta nisanta wayar daga idonta. "Allah sarki, ɗiyar wa aka yi ma tsirara haka? Mutane ba su da ta ido." Ta ƙara dubawa. Hannunta ya tsaya. "Wannan ba tawul ɗinmu ba ne?"

"Shi ne, Inna."

"Wannan Baturen fa?"

"Wai ita ce bayan ta sha magani."

"Mi aka rubuta nan, da kore?"

"Sunan 'yar nan ne. Da na babanta. Da na Alhaji. Da Kankia."

"Alhaji wa?"

"Alhajin gidan nan."

Hajiya ta ajiye faifan shinkafar a hankali. Shekara arba'in ta zauna da mutumin nan ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko a gabansa ko a bayan idonsa. Yau ga sunan a wayar kowane mai gyaran taya daga nan har Legas, a ƙarƙashin tsiraicin jikarsa.

"Mutum nawa suka gani?"

"Ba su ƙirguwa, Inna."

"Na ce ma Jamilatu tsakaninmu."

Khairiyya ta karanta mata sunan Dokta Mamuda da garinsa da ke saman tallar. Hajiya ba ta tambayi inda ta je da safe ba, ko da yake takardar asibiti na leƙowa daga bakin zane.

"Gobe kasuwar Kusada ke ci," in ji Hajiya. "Ki shirya."

Sun shiga mota da hantsi. Gonakin gyaɗa da gero sun yi kore shar a gefen hanya, babu wadda ta kalla. Khairiyya na goye da yarinyar, da jaka a cinya, ta sa tawul ɗin a ciki ba tare da ta san dalili ba.

Ba su sha wahalar neman Dokta Mamuda ba, lasifikarsa ce ta nemo su tun daga tasha. Yana tsaye a gefen wata tsohuwar mota da ya jera wa kwalabe a kai, sanye da farar riga irin ta likitoci a kan kaftani, da abin awon ƙirji rataye a wuya, wanda ya rasa kunne ɗaya. A jikin motar an ɗaure wani ƙaton kyalle da aka buga tallar nan a kai. Amatullah ta fi tsawon mutum.

Hajiya ta ratsa taron ta tsaya a gabansa.

"Kai ne Dokta?"

"Ni ne, Hajiyata. Ciwon gwiwa ne ko hawan jini?"

"Hoton jikata ne. Ka sauke shi, ka kuma goge na waya."

Mamuda ya yi murmushin da ya sayar da kwalba dubu. Bai kashe lasifikar ba, don a sana'arsa rigima ma talla ce.

"Hajiya, a yi haƙuri. Hoton nan a guruf na same shi, kuma abin da ya shiga guruf ya zama na al'umma, kamar rijiyar masallaci. In kowace tsohuwa ta zo ta ce jikarta ce, ina za mu kai? Jama'a, ku shaida, uwar yarinyar nan da kanta ta kira ni tana kuka tana godiya. Kwalba biyu kacal! Ta ce Dokta, ka nuna ma duniya."

Taron ya yi guna-gunin gamsuwa. Hajiya ta buɗe baki, lasifika ta danne ta. Wata mata a gefe ta ce wa ta kusa da ita, ai dama uwar ce ƙazama, Allah Ya haɗa ta da Dokta.

Khairiyya na tsaye a bayan surukarta, inda ya dace da ita. Ta ga mutum uku sun ɗaga waya suna ɗaukar kyallen. A bayanta yarinyar ta motsa, ta yi ɗan kukan nan da take yi in fitsari ya taɓa wurin. Ba ta san sanda ta wuce Hajiya ba. Ta miƙa hannu, shi kuma Mamuda, da ya ɗauka shaida ce ta zo daga sama, ya saka mata makirfo a ciki.

"Ni ce uwarta," ta ce. Muryarta ta fita ta bugi rumfunan 'yan hatsi ta dawo. "Sunanta Amatullah. Amatullah ɗiyata ce, ta fari, ga ta a bayana. Ban taɓa ganin mutumin nan ba sai yau, ban taɓa kiran shi ba, ko ɗigo na maganinshi ba ta sha ba. Har yanzu ba ta warke ba, jiya na kai ta asibiti." Ta zaro tawul daga jaka ta ware shi sama. Koren zaren ya yi daidai da na jikin kyallen, harafi da harafi. "Wancan Baturen kuma ban san uwarshi ba. Ku tambayi Dokta."

Dariya ta fashe daga baya ta taho gaba. Wani dattijo mai sayar da igiya ya ɗaga murya ya ce, "Dokta, in na sha kwalba uku zan samu biza?" Wata mata da ta riga ta karɓi kwalba ta mayar da ita kan mota a hankali. Waɗanda suka ɗaga waya suka sauke, ɗaya har ya juya baya yana danne-danne.

Mamuda ya kashe lasifikar, karo na farko tun safe.

"Haba Hajiya, ai da kun yi magana a hankali."

"Goge," in ji Hajiya.

Ya fito da waya. Khairiyya ta tsaya a kansa ya goge tallar, ta sa ya buɗe ma'ajiyar hotuna ya goge, ta sa ya shiga inda gogaggun ke taruwa ya sake gogewa. Hajiya kuwa ta kwance bakin zanenta ta ciro reza, ta raba kyallen biyu daga sama har ƙasa. Ta naɗe ɓangaren jikarta ta sa a hammata.

"Baturen naka ne," ta ce. "Riƙe abinka."

Sun juya za su tafi ya biyo su da sauri, ya rage murya. "Hajiya, in Allah Ya sa ta warke, ko za a ɗan turo mani na bayan? Ba sai da suna ba."

Hajiya ta dube shi, ta dubi rezar da ke hannunta. Ya koma wajen kwalabensa.

Daga kasuwa gidan Gwaggo Jamilatu suka nufa. Ta yi salati, ta yi kuka, ta ce wallahi guruf uku ne kawai, sauran ba ita ba ce. Nan take ta ɗauki murya tana roƙon mata don girman Allah duk wadda ke da hoton ta goge. Khairiyya ta leƙa ta ga yatsanta na shirin dannawa.

"Gwaggo, mi kike haɗawa da shi?"

"Hoton mana. In ba haka ba ya za su gane wanda ake nuhi?"

Sai da Khairiyya ta karɓi wayar da hannu biyu, cikin ladabi, ta goge shi daga nan ma.

A motar komawa sun wuce Kafin Soli kafin Hajiya ta yi magana, idonta na kan taga.

"A lasihika kika hwaɗi sunan."

"Eh, Inna."

"Sau biyu."

"Eh, Inna."

"Kasuwa guda ta ji."

Khairiyya ta sunkuyar da kai tana jira.

"To ni ban ji ba," in ji Hajiya. "Kunnen nan nawa ya daɗe yana ba ni wahala."

Da suka isa gida ta sa rabin kyallen a murhu, ta tsaya a kai har ya zama toka, kuma ba ta ce a shafa wa kowa tokar ba.

Kwana tara ƙurajen suka ɗauka. Jan ya koma ruwan hoda, ƙananan suka bushe, kukan fitsari ya tsaya. Khairiyya ta cika kwanakin man kamar yadda aka rubuta. Kullum da hantsi da la'asar ana shimfiɗa yarinyar a inuwar dalbejiyar tsakar gida tana harba ƙafafu a iska, Hajiya na zaune a gefe tana gaya wa duk wanda ya shigo cewa dama tun farko ita iska ta ce. Ta kuma kafa sabuwar doka. An ajiye ƙwarya a bakin zaure, duk macen da ta shigo a lokacin shan iska sai ta saka wayarta a ciki. Har matar liman ba a ɗaga wa ƙafa ba.

Amsar ƙarar da Rabe ya kai ta iso a mako na uku. An gode masa, an ce an duba ba a samu abin da yake magana a kai ba.

A ranar ce kuma saƙo ya shigo wayar Khairiyya daga wata 'yar ƙanen babanta da ke aure a Maraɗi. Hoton ne, ya ɗan dushe saboda yawan hannun da ya bi, amma koren zaren na nan ana karantawa. A ƙasa an rubuta: wata baiwar Allah ke neman taimako, a tura wa wasu don Allah.

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta rubuta: "Ta warke. Ɗiyata ce. Ki goge, ki ce ma wadda ta turo maki ta goge." Ta san wannan ba shi ne na ƙarshe ba, kuma za ta sake rubuta irinsa, wataƙila har yarinyar ta iya karatu. Ta tashi ta kai wayar cikin ƙwarya, ta dawo inuwar dalbejiya ta tsuguna.

"Amatullah," ta ce, ba da raɗa ba. "Taho in sa maki wando."

Rabe, da ke alwala a gefe, ya tuna bai duba man mashin ɗinsa ba. Hajiya ta miƙa hannu ta ƙara ƙarar rediyo.